Mai kafin tururi: sana'ar gyaran injin haƙar haƙori

Sana'armu ita ce gyaran ƙaramin injin nan da likitan haƙori ke riƙewa a hannu, mai ƙarar da ke sa gaban mara lafiya faɗuwa tun bai hau kujera ba. Mu kaɗan ne a wurin. Mukan karɓo injinan daga asibitoci, mu kwance, mu sauya abin da ya ci, mu gwada, mu mayar.

Kayan cikin kansa ba su da yawa: 'yar farfela da iska ke juyawa, boris guda biyu, zobban roba da ke tallafe da su, sai mariƙin da ke damƙe tsinken haƙa. Wani likitan haƙori a Amurka, John Borden, shi ya fito da irin wannan mai aiki da iska a 1957, na yanzu kuwa yana juyawa sau 300,000 zuwa 400,000 a minti ɗaya. Duk wannan gudu a kan boris ɗin nan yake, waɗanda ƙwallayensu sai da hantsaki ake ɗauka. In ka cire faɗuwa ƙasa, yawancin injinan da ke zuwa teburina rashin mai ne ya kashe su, ko kuma an sa man ba a kan lokaci ba.

Dalilin yana cikin tukunyar tururi, wadda ake dafa kayan aiki a cikinta don kashe ƙwayoyin cuta. Wajibi ne a dafa injin bayan kowane mara lafiya, kamar yadda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta jaddada a ƙa'idojinta na 2003, domin idan farfela ta tsaya takan zuƙo yawu da jini da garin haƙori zuwa ciki. Ba na jayayya da wannan ko kaɗan, lafiyar mutum ta fi ƙarfe. Amma zafin digiri 134 yana busar da mai, kuma duk dattin da ya tarar a boris sai ya gasa shi ya daskare. Saboda haka mai ne ke fara shiga, sannan tururi, domin man yana wanke dattin kafin zafi ya same shi.

Aikin bai fi minti ɗaya ko biyu ba. A cire tsinke, a goge bayan injin, a fesa mai ta ramin da iska ke shiga har sai ya ɓullo ta kai. In ya fito baƙi, a sake fesawa har ya fito fari tas. Daga nan a mayar da tsinke, a jona injin, a bar shi ya yi gudu kamar daƙiƙa 20 zuwa 30. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi damuna. Man da ya yi yawa yakan zama danƙo a cikin zafi, ya rage wa farfela gudu, wanda ya tsira kuma ya fantsama a kan haƙori ya hana cikon kamawa da kyau. Mariƙin tsinke shi ma yana son nasa man da gogewa aƙalla sau ɗaya a mako; tsinken da ya suɓuce a bakin mutum ba ƙaramin haɗari ba ne.

Kada a jiƙa injin a ruwan magani, kada a fito da shi tukunya ba ta gama busarwa ba, kada a sanyaya shi da ruwan famfo don gaggawa. Man kuma ya zama wanda kamfanin da ya ƙera injin ya amince da shi, ko KaVo ne, ko NSK, ko W&H.

Akan tambaye ni me ya sa nake koya wa ma'aikatan asibiti abin da zai rage mini ciniki. Injin da na gyara ya dawo bayan 'yan makonni sunana yake ɓatawa, ko da laifin ba nawa ba ne. Shi ya sa kafin in sauya farfela nakan tambayi yadda ake sa mai, in kuma nemi a auna ƙarfin iskar da ke zuwa daga kwamfureso. Iskar da ta haura abin da kamfani ya ƙayyade, ko mai ɗauke da ruwa, za ta cinye sabon boris kamar yadda ta cinye tsohon.