Wata Biyu Ina Shan Bizirul Kattan

Ina da shekara 51 abin ya fara, bayan al'adata ta soma wasan ɓuya. Ina zaune lafiya lau sai zafi ya taso daga ƙirji, ya haye wuya, ya mamaye fuska, gumi ya keto har ɗankwali ya jiƙe sharkaf. Da daddare sai na sauya riga sau biyu.

Maƙwabciyata ce ta ce, "Hajiya, ki nemi bizirul kattan wajen masu maganin Musulunci." 'Ya'ya ne ƙanana masu sheƙi, sun ɗan ɗara riɗi girma, a kanti flaxseed ake rubutawa a ledarsu.

Satin farko haka nan nake watsa su a koko. Ashe asara nake yi: ɓawonsu tauri gare shi, yadda suka shiga haka suke fita. Sai an niƙa. Ni kuma da zumuɗi na niƙe ledar duka, ga zafin Afrilu, ga ba wuta. Ba a jima ba garin ya ɗauki warin tsohon mai, na zubar. Yanzu na kwana uku kaɗai nake niƙawa. Ranar da na yi ganganci na sha cokali huɗu kuwa, cikina ya kumbura kamar ganga. Abin yana son ruwa sosai.

Da na ga kamar da sauƙi, na yi wa 'yata mai aikin jinya albishir. Ta ce, "Umma, yana da sinadarin da ke ɗan kwaikwayon estirojin, wato sinadarin jikin mace da ke raguwa idan al'ada ta zo ɗaukewa, shi ya sa aka sa masa rai." A 2007 likitocin Mayo Clinic a Amurka sun gwada giram 40 kullum a kan mata kusan 30, zafin ya ragu da rabi. Da aka sake da mata 188 a 2011, aka bai wa wasu na gaske, wasu wanda babu komai a ciki, sauƙin da suka samu bai bambanta ba.

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Ta ba ni littafi ta ce in riƙa rubuta duk sanda zafin ya taso. Nan na kama ɓarayina: shayi mai citta da dare, yajin tsire, da hijabin roba. Na koma auduga.

Garin ban daina ba, don ya raba ni da taurin bayan gida. Cokali ɗaya a fura, nesa da lokacin shan maganin hawan jinina, kamar yadda likita ya ce.