Sassabin zamani: inda na kai bayan wata 8 a ƙauye

'Yan'uwana masu koyon sassabin zamani, wato raya tsirran kututture a gona su zama itatuwa maimakon a sare su, salama a gare ku. Na daɗe ban ba ku labarin gonata ba.

Watanmu 8 ke nan da ikilisiya ta turo mu daga Maradi zuwa wannan ƙauye, ni da maman yara da 'ya'yanmu uku. Masu bi gida huɗu ne kacal, sauran mutanen gari Musulmi ne, sun kuwa karɓe mu hannu bibbiyu. Maigari ya sama mana aron gona a gabas da gari. Itacen girki ne ya fara gasa mana aya a hannu. A birni gawayi muka saba da shi. A nan mata kan fita tun asuba, sai hantsi su dawo da ɗan ƙunshin kirare, in babu a hura kara da kashin shanu. Maman yara ta yi makonni idonta jajur saboda hayaƙi, ba ta taɓa yin ƙorafi ba, ni kuwa abin na cin raina. Dalilin da ya sa na ɗauki adda ke nan.

A watan Afrilu, lokacin da kowa ke sassabe yana ƙona abin da ya sare, na bi gonar ina ƙirga kututture masu toho. Na samu 47: sabara ta fi yawa, sai kalgo, magarya kaɗan, da ƙananan gawo uku. A kowanne na zaɓi tsiro uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, na cire sauran.

Kuskure biyu na yi, ina roƙonku kada ku maimaita. Addata ta dakushe, kuma daga sama nake kai sara zuwa ƙasa, sai ɓawon ya riƙa yagewa har gindi. Wajen guda goma suka bushe a kan haka. Wani dattijo da gonarmu ke iyaka da tasa ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Malam, wasa addar tukuna, sannan ka ɗauko saran daga ƙasa." Na ce, "Baba, nuna mini." Sara ɗaya ya yi, reshen ya faɗi, wurin sumul. Daga ranar muke zama a gindin bedi bayan la'asar, shi ne ma ya fara kai ni gaisuwar mutuwa da ta suna a gari. Na biyun, zumuɗi ya sa na aske rassan har kusa da kai, da iskar bazara ta taso ta karya wasu. Iyaka rabin tsayi ake askewa, a bar na sama.

Idan gwiwata ta yi sanyi nakan tuna da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki da mishan ɗin SIM a wannan jiha tamu ta Maradi. Ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa a gonaki itatuwa ne masu tsohuwar saiwa da ranta a ƙasa. Yunwar 1984 ce ta sa manoma da yawa suka gwada sassabin zamani, don an haɗa shi da rabon abinci. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar. A ganina wannan ma hidima ce ta gaske, tunda Ubangiji ya sa mutum a gona domin ya noma ta ya kuma kiyaye ta.

Da damina na ga amfanin da idona. Hatsin da ke bayan sabara rairayi bai binne shi ba, a fili kuwa sai da na sake shuka. Gawo ya zubar da ganye kamar yadda ya saba, bai tare wa shuka rana ba. Rassan da na rage a Agusta sun riƙe murhunmu kusan mako uku. Yara su ke ɗaura jan tsumma a jikin kowane tsiro, alamar yana da mai shi, ƙaramar har ta sa wa gawo ɗaya suna. Maman yara kuma yanzu maƙwabta na aiko mata neman ganyen sabara idan an yi haihuwa, ta haka ta shiga gidajen da da ba ta sani ba.

Ga abin da ke hana ni barci. An kusa gama girbi, za a saki dabbobi cikin gonaki, gawona uku kuwa ko ƙuguna ba su kai ba. Na fara kewaye su da ƙayar magarya. Sannan gonar ta aro ce, ban san ko mai ita zai bar itatuwan ba idan ya karɓa. Jibi ni da Baba za mu je wurinsa. Wanda ya taɓa raya itace a gonar aro, don Allah ya gaya mini yadda suka shirya da mai gona.