Tsohuwar libarbata, da abin da nake tsoro a kanta

Libarbar da nake ɗauka kullum ta girme ni. Colt Detective Special ce, irin wadda aka fara ƙerawa a 1927, mai cin harsashi shida na .38 Special. Baƙin jikinta ya goge a bakin hanci da wurin da take gugar kube, har farin ƙarfe ya fito. Takardun izinina suna nan daram, kuma ban taɓa fitar da ita kan mutum ba, Allah kada ya kawo ranar.

Abokai suna ce mini in koma ta zamani. Ni dai hannuna ya saba da nauyin kunamarta, kuma idan harsashi ya ƙi tashi, sake jan kunama kawai nake yi, ganga, wato ɓangaren da ke ɗauke da harsasan, ta juyo da na gaba.

Amma tsohon ƙarfe ba ya son ganganci. Duk shekara ina kai ta wurin mai gyara ya duba ko ramin gangar yana tsayawa daidai da bututu kafin a buga, domin in ya karkace, ɓarɓashin dalma kan fantsamo ta gefe. Ba na sa mata harsashin +P mai ƙarfin wuta.

Waɗanda suka fi ta tsufa, kamar Colt Single Action Army ta 1873, ba zan saka su a ƙugu cike ba. Ba su da abin da ke tare mabugi, wato ƙarfen da ke bugun harsashi ya tashi, in sun faɗi ƙasa, shi ya sa masu ita suke loda biyar su bar ramin da ke gaban mabugi babu komai.