Godiya Bayan Kare Kundina

Alhamdu lillahi. Jiya na kare kundin digirina na biyu, malamai kuma sun amince da shi. Saƙonninku sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na kawo godiyar nan.

Ga masu tambayar me ya ɗaure ni gaban kwamfuta shekara biyu: hasken gama ne (gamma rays a Turance), wani haske mai tsananin ƙarfi wanda ido ba ya gani, mai zubowa daga kowace kusurwa ta samaniya. Iskar duniya tana tare shi, don haka sai daga sama ake auna shi. Na yi aiki da bayanan tauraron ɗan'adam na Fermi, wanda NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba a watan Yunin 2008. Bayanan a buɗe suke ga kowa, Allah ya saka wa waɗanda suka tsara haka.

Tacewa ce ta sha ni. Ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke tahowa daga sararin samaniya suna dukan na'urar sun ninka hasken gama sau dubbai, kuma duk da garkuwar fale-fale 89 da ke kama su, wasu kan sulale. Ga hasken gungun taurarinmu, ga na gefen duniyar kanta. Sai ka cire duk wannan kafin ka ga ɗan abin da ya rage.

Wata rana na ga wani tudu a jadawalina. Kwana uku ina murna, ina cewa na gano sabon abu. Malam ya gyara tabarau, ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "Ka cire lokutan da na'urar ke hango gefen duniya?" Ashe ban cire duka ba. Da na matse kusurwar tacewa zuwa digiri 90, wato na zubar da duk hasken da ya taho daga ɓangaren duniya, tudun ya ɓace ɓat. Wallahi sai da na yi hawaye.

Malam bai yi mini faɗa ba. Zaunar da ni ya yi, ya ba ni labarin irin tudun da ma'aunan kumbon Apollo suka nuna a shekarun 1970, wanda sai a shekarun 1990 tauraron ɗan'adam na Compton ya nuna cewa daga jikin na'ura yake fitowa. Ranka ya daɗe, da ka yi shiru ranar, da jiya na sha kunya a bainar jama'a. Allah ya ƙara girma.

Abokin karatuna da ya kwana biyu yana sake tace bayanan tare da ni, na gode, ɗan'uwa. Mama kuwa kullum tambayarta ɗaya ce, "An gama cire hayaniyar?" An gama, Mama. Allah ya bar mana ke.