Riɗi, Asma da Kunyar Ɗan Fari a Ingila

A garinmu, wani ƙauye a ƙasar Gumel, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Haka na taso na gani, haka na yi. Ana yaye nawa, kakarsa ta wajen uba, wadda duk gidan ke ce wa Inna, ta ɗauke shi ya zama maigidanta. Ita ta san dararen hunturu da yake kwana a zaune, ƙirjinsa na fito saboda asma. Ita ce kuma ta lura cewa duk ranar da ya ci kantun riɗi sai leɓɓansa sun kumbura, jikinsa ya yi rudu-rudu. Aka ce borin jini ne, aka daina ba shi, magana ta wuce. Gidanmu kuwa gidan manoman riɗi ne. Da kuɗin riɗin da ake kaiwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis aka biya wa babansa karatun aikin jinya.

Wannan karatun ne ya kawo mu Ingila. Baban yara ya riga mu zuwa, muka biyo shi yaron yana da shekara 11. Ranar tafiya Inna ta ja ni gefe ta ce, "Ke 'yar nan, ga amanar maigidana. Ke kina jin kunyarsa, ciwo kuwa ba ya jin kunyar kowa."

Sanyi da duhun la'asar da rashin maƙwabcin da zai yi maka sallama, kowa ya ba da labarinsu, ba sai na maimaita ba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne zama bakin yaron. Babansa aikin dare yake yi, da rana barci, don haka makaranta da asibiti duk a kaina. Ranar cike takardar makaranta na ce riɗi yana ɗan damunsa, sai matar ofishin ta ajiye biro ta fara jero tambayoyi: ya taɓa kasa numfashi? Yana da allura? Wace allura kuma, ni da ban taɓa jin labarinta ba.

Likitan unguwa ya tura mu asibiti. Suka ɗiga masa ruwan gwaji a hannu, suka ɗan tsaga fatar da tsinin allura, muka jira kamar minti 15, wurin riɗin ya taso ya yi jawur. Likitar ta yi mini bayani a hankali: wanda ke da asma kuma jikinsa bai yarda da wani abinci ba, haɗarinsa ya fi na sauran, domin idan borin ya yi tsanani maƙogwaro da hanyar iska yake kamawa. Sannan sauƙin da ya zo da shi bara ba ya nuna yadda zai zo bana. Aka ba shi allurar adiranalin guda biyu, mai siffar biro mai kauri. Ana caka ta a gefen cinya ta waje, ko ta kan wando ne, a kira 999, lambar neman motar asibiti ta gaggawa a Ingila, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, kada a bar shi ya miƙe tsaye ko da ya ce ya ji sauƙi. In minti 5 ya wuce bai farfaɗo ba, a yi ta biyu.

Daga baya na fahimci dalilin da matar ofis ta tsorata. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi a filin jirgin sama na Heathrow, an kwaɓa shi da riɗi amma ba a rubuta a jikin takardar ba. A cikin jirgi borin ya kama ta, ta rasu. Iyayenta ba su yi shiru ba, har aka yi doka da sunanta, ta fara aiki a Oktoban 2021: duk abincin da shago ya haɗa ya naɗe don sayarwa, dole a rubuta duk abin da ke cikinsa. Abubuwa 14 doka ta ware da dole a nuna su ƙarara, ciki har da gyaɗa, madara, ƙwai, kifi da riɗi. Tun 2014 makarantu na da izinin ajiye inhela (abin shaƙar maganin asma) ta ko-ta-kwana, allurar kuma tun 2017.

Sai dai doka a jikin takarda take, mu kuwa cinmu ba na takarda ba ne. Inda muka fi sakin jiki nan ne haɗarin yake: shagunan halal na Larabawa da Turkawa, da buɗe-bakin masallaci. Su riɗi suke niƙawa ya zama tahini su zuba a hummus, wani abincinsu na niƙaƙƙen wake, su barbaɗa a burodi, su yi alewa da shi. Ga taron suna da walima na 'yan gida. Ki je gidan mutane a kawo miki abinci, ki buɗe baki ki ce "Hajiya, me da me kika sa a ciki?" A garinmu wannan rashin tarbiyya ne, balle a kan ɗan fari. Wata ta taɓa ce mini na zama Baturiya, yaron da aka haifa a kan buhun riɗi. Na yi dariya, amma ban bar shi ya ci ba. A ganina karar da za ta kai yaro asibiti ba kara ba ce, kuma matan da suka fi yi mini tsiya su ne yanzu ke kira kafin taro su ce sun ware masa nasa.

Asmar kuwa gidan haya ne ya tayar da ita. Muna rufe tagogi saboda sanyi, muna shanya a ɗaka, sai bango ya fara yin baƙin tabo na danshi a bayan gado. Mai gidan ya yi ta ja mana rai kafin ya gyara. Ba ƙaramin abu ba ne: irin wannan fumfunar ce ta kashe Awaab Ishak, ɗan shekara 2, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, a Rochdale a Disambar 2020. Turaren wuta ma na haƙura da shi, ni da ba na jin gida ya zama gida sai da ƙamshinsa.

A gida mun san inhela ɗaya ce, shuɗiyar nan, a saya a kemis idan ciwo ya tashi. Nas mai kula da asma ta nuna mini cewa shuɗiyar buɗe hanya kawai take yi na 'yan sa'o'i. Mai ruwan ƙasa ita ce ke kwantar da kumburin da ke cikin hanyoyin iska, kuma kullum ake shaƙarta, lafiya ko ba lafiya, a kurkure baki bayan an gama. Yaron da ke neman shuɗiya sau uku a mako, asmarsa ba ta kwanta ba. Ta rubuta mana tsari a takarda, kwafi a gida, kwafi a makaranta. Maganin yaro ƙasa da shekara 16 ba a biyan ko sisi.

Da ya fara zama saurayi sai wata rigimar: ba ya son rataya jakar allura zuwa ƙwallo, wai abokai za su ce raggo ne. Faɗa bai yi aiki ba. Babansa ne ya tara abokan nasa a falo, ya ba su biron gwaji marar allura, kowa ya caka a cinyarsa suna ta shewa. Tun daga ranar su ke tambayarsa ina jakar. Da azumi kuma muka tambayi malami kan shaƙar inhela da rana. Ya ce malamai sun saɓa, da yawa na ganin ba ta karya azumi, kuma in numfashi ya ƙi, rai ne gaba.

Da muka tashi zuwa gida mun zaɓi hutun Agusta, da damina, don mu kauce wa ƙurar hunturu da lokacin kaɗe riɗi. A can babu 999, sai muka yi magana da ƙanin babansa mai mota kada ya yi nisa, tunda asibitin kirki sai Gumel. Allurar ba ta son zafi, ba a kuma sa ta a firji, don haka a inuwar ɗakin Inna take kwana, ba a cikin mota ba. Na yi ta fargabar yadda zan gaya wa surukata yadda za ta ciyar da yaron da ita ta raine shi. Ashe ta riga ni. Tun da muka yi mata bayani a waya cewa ko ɗan ragowar da ya maƙale a turmi ya isa, ta sa aka sassaƙo sabon turmi da taɓarya, ta sayi muciya da tukunya, ta ɗaura musu jan zare, ta ce duk wadda ta daka riɗi a ciki ta kuka da kanta. Maganin sauro na ƙonawa ta hana, aka ɗaura masa gidan sauro. Da babansa ya nuna mata biron gwaji, ta caka a cinyarta ta kan zane ta ce, "Maigida, ka ga matarka ta zama likita."

Labari ya bazu, mata suka fara shigowa da 'ya'yansu. Wata maƙwabciya ta kawo 'yarta budurwa da ta bar makaranta saboda asma. Inhelarta ta ƙare tuntuni, kuɗin sabuwa ya gagara, domin tun da kamfanin GSK ya sanar a Agustan 2023 cewa zai daina sayar da magungunansa kai tsaye a Najeriya, farashin Ventolin, wato shuɗiyar inhelar, ya yi tashin gwauron zabo. Ita ke girkin gidan, a ɗakin girki marar taga, da kara da itace. Baban yara ya ce a dawo da murhun tsakar gida, ya saya mata shuɗiya, sannan ya ɗauki robar ruwa ta rabin lita ya huda gindinta daidai bakin inhelar. Ana fesawa a ciki, ita kuma ta shaƙa ta bakin robar a hankali, maganin ya isa huhu maimakon ya tsaya a harshe. Likitoci a Afirka ta Kudu sun gwada wannan dabarar a kan yara, ta yi aiki. Mai ruwan ƙasan ce babu a kemis ɗin garin, sai ya rubuta sunanta a takarda, ya ce mahaifinta ya kai ta asibiti a Gumel likita ya duba ta kafin a saya.