Abin da na koya daga koyon harshen Ayirish ba tare da malami ba

Shekara biyu ke nan da na fara koya wa kaina harshen Ayirish, wanda masu shi suke kira Gaeilge. Aiki ne ya kawo ni birnin Galway da ke yammacin ƙasar Ayilan, kuma allunan kan hanya, waɗanda ake rubuta su da Ayirish a sama da Turanci a ƙasa, su ne suka fara jan hankalina. Tsarin mulkin ƙasar na 1937 ya sanya shi harshen hukuma na farko, amma a ƙidayar 2022, cikin mutum kusan miliyan 1.9 da suka ce suna jin harshen, kimanin 72,000 ne kawai suke magana da shi kullum ba a cikin makaranta ba. Ke nan ba harshen da mutum zai tsinta a kasuwa ba ne, sai ya tashi ya neme shi da kansa.

Kuskurena na farko shi ne na ba ido fifiko a kan kunne. Na shafe watanni ina haddar kalmomi daga littafi, ina furta su yadda haruffan Turanci suka saba mini, alhali a Ayirish haɗin "bh" da "mh" sautin "w" ko "v" suke bayarwa. Gyaran furucin da ya riga ya zauna a baki ya fi koyon sabo wahala. Na samu sauƙi ne lokacin da na riƙa kunna gidan rediyon Raidió na Gaeltachta, wanda aka buɗe a 1972, kowace safiya ko da ban fahimci komai ba, da dare kuma in kalli tashar TG4 mai sanya fassara a ƙasan allo. Ƙamus ɗin intanet na Teanglann yana furta kalma da karin harshen yankuna uku na Ayilan, wato na Munster da na Connacht da na Ulster, kuma shawarata ga mai farawa ita ce ya zaɓi kari ɗaya ya riƙe. Ni na Connacht na ɗauka, saboda Conamara, yankin Connacht da ake magana da Ayirish, tana kusa da ni.

Darasi mafi girma ya zo ne ranar da na daina auna harshen da ma'aunin Turanci, na koma auna shi da Hausa. Littattafan koyo suna ɓata shafuka wajen bayyana bambancin "tá" da "is", domin mai Turanci kalma ɗaya yake da ita a wurin nan. Bahaushe kuwa ya san bambancin tun yana goye. "Is múinteoir mé" daidai yake da "ni malami ne", shi kuma "tá mé sa bhaile" daidai yake da "ina gida". Haka nan Ayirish ba shi da kalmar aikatau ta mallaka, sai a ce "tá leabhar agam", wato littafi yana wurina, kuma hakan bai yi nisa da "ina da littafi" ba. Sunaye sun kasu namiji da mace kamar namu. Baƙaƙen da ake kira masu faɗi da sirara, wato furuci iri biyu na baƙi ɗaya, waɗanda suke gigita ɗalibai da yawa, sun zauna mini da na tuna yadda muke rarrabe farkon "kwana" da na "kyau". Wanda kuma ya yi nahawun Larabci a Islamiyya ba zai yi mamakin jimlar da take farawa da aikatau ba.

Inda Hausa ba ta taimake ni ba shi ne sauyin farkon kalma. Jirgin ruwa "bád" ne, amma jirgina "mo bhád", jirginmu kuma "ár mbád", har sunan garin da nake zaune, Gaillimh (wato Galway da Ayirish), yakan koma "i nGaillimh" idan ana nufin a cikinsa. Na yi ƙoƙarin haddace dokokin a jere, suka ƙi zama. Da na koma riƙe kalma tare da abokiyar tafiyarta, in haddace "an bhean" (matar) maimakon "bean" (mace) ita kaɗai, sai bakina ya fara yin sauyin kafin in yi tunani. Kalmomin aikatau masu saɓa wa ƙa'ida 11 ne kacal, kuma gara a gama da su da wuri, domin babu "i" ko "a'a" a harshen, da aikatau ɗin tambaya ake bayar da amsa.

Na daɗe ina jin nauyin buɗe baki, har sai da na halarci taron hira da ake kira ciorcal comhrá, inda mutane suke zama kan shayi su yi magana da Ayirish gwargwadon iyawarsu. Wata dattijuwa 'yar Conamara ta saurare ni da haƙuri, ta gyara mini kalma biyu, sannan ta tambaye ni yadda ake gaisuwa da Hausa. Tun daga ranar nake zuwa kowane mako, kuma yanzu ina shirin zana jarrabawar TEG ta Jami'ar Maynooth, wadda take auna iya Ayirish, a matakin A2 na masu farawa.