Mota da mai tafiya a ƙasa: abin da titunan Kano suka koya mini

Duk wanda ya daɗe a aikin kiyaye haɗurra, ko yana auna wurin da aka kaɗe mutum, ko yana koyar da tuƙi, ya haddace magana biyu. Direba zai ce wallahi bai gan shi ba, faɗo masa kawai ya yi. Waɗanda abin ya faru a gabansu kuma su ce ai sai da ya duba, motar tana can nesa. Babban darasin da aikin nan ya koya mini shi ne, sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu. Abin da muke lulluɓewa da sunan tsautsayi lissafi ne na mita da sakan, kuma gudu ne ke ɓata lissafin.

A fara da mai tsallakawa. Layi ɗaya na babban titi faɗinsa kusan mita 3.5 ne. A manyan hanyoyi irin su Titin Zariya da Titin Katsina, inda hannu guda ya kai layi uku, mutum zai taka mita 10 da rabi kafin ya isa tsakiya. Lafiyayyen baligi yana cin kamar mita 1.2 a sakan ɗaya, wato sakan 9 ke nan yana tsakiyar kwalta. Dattijo, ko mace mai goyo da kaya a ka, sai sun kai sakan 12. To, motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan, a sakan 9 ta shafe mita 150. In 80 take yi, mita 200. Ke nan motar da ka hango can nesa, wadda ko launinta ba ka gama tantancewa ba, ita ce za ta riske ka a layi na uku.

Ido kuma ba ya taimakawa. Abin da ke tahowa kai tsaye zuwa gare ka, da wuya ka gane saurinsa. Girmansa kawai kake gani yana ƙaruwa a hankali, sai ya matso sosai sannan ya cika maka ido. Babbar mota ta fi yaudara, don girmanta yakan sa a ga kamar jan jiki take yi. Yaron da bai kai shekara 10 ba kuwa bai ma iya wannan kintacen ba tukuna, komai wayonsa. Aika ɗan shekara 7 sayen kati ko ƙosai a ƙetaren babban titi ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa ne.

Sai ɓangaren direba, kuma nan ne nake son masu tuƙi su tsaya su yi nazari. Daga lokacin da idonka ya ga mutum zuwa lokacin da ƙafarka ta danne birki, akwai kamar sakan ɗaya da rabi, in ba ka tsammaci abin ba. A wannan ɗan tsakanin motar ba ta rage komai ba. A gudun 50, ka riga ka ci mita 21 kafin birki ya fara aiki, sannan birkin ya ci wasu 14 a busasshiyar kwalta mai kyau, jimla mita 35. A 60, jimlar mita 45 ce. A 80, kusan 70. A 30 kuwa, ƙasa da mita 18.

Wani zai ce mita 10 ne kawai tsakanin 50 da 60. Ga inda abin yake: a ce motoci biyu suna jere, ɗaya tana 50, ɗaya tana 60, yaro ya shigo titi mita 35 a gabansu. Mai 50 za ta tsaya daidai ƙafarsa. Mai 60, a daidai wannan wurin, tana nan tana gudun sama da 40, domin birki sai a mitocin ƙarshe yake cinye mafi yawan gudun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗarin mutuwar wanda mota ta kaɗe yana ninkuwa sau huɗu da rabi in gudun ya tashi daga 50 zuwa 65. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade 50 a cikin gari, amma tsaya a Titin BUK ko Titin Haɗeja da hantsi, bayan cunkoson safe ya watse, ka ga masu kiyaye ta.

Kuma duk lissafin nan na mota mai lafiya ne a kan titi mai tsabta. Yashin da ke taruwa a gefen kwalta, da ruwan farko na damina wanda ke taso da mai da ƙurar da suka kwanta tun rani, suna iya kusan ninka tsawon jan birki. Haka ma suɗaɗɗiyar taya. Zanen taya bai kamata ya gaza milimita 1.6 ba, kuma a jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar Kwatano takan zo da zane mai kyau alhali robar ta tsufa ta ƙandare, ba ta kama ƙasa. Waya kuma tana cin nata rabon: kallon saƙo na sakan 2 a gudun 50 daidai yake da tuƙin mita 28 ido a rufe.

Akwai wani nau'in haɗari da ke yawan maimaituwa, kuma abin takaici, daga kirki yake farawa. Direban layin farko ya ga mata da yara sun tsaya, ya taka birki, ya yi musu hannu su wuce. Su kuma suka ɗauka titin duka aka ba su. Na layi na biyu bai ga kowa ba, motar da ta tsaya ta kare masa, abin da ya gani kawai shi ne wani ya tsaya ba dalili, sai ya karkata ya ƙara wuta. Da suka fito daga gaban motar farko, tazarar da ke tsakaninsu da shi ba ta fi mita 10 ba. Babu birkin da zai yi aiki a nan.

Maganinsa a hannun mutum uku yake. Mai tsayawa ya tsaya da nisa, kamar tsawon mota biyu kafin masu tsallakawa, don na bayansa su hango su, kuma kada ya yi wa kowa hannu sai ya duba madubi ya tabbatar ɗaya layin babu mai tahowa. Na baya ya riƙe ƙa'ida ɗaya: motar da ta tsaya a tsakiyar titi akwai abin da ta gani wanda kai ba ka gani ba, kada ka wuce ta sai da gudun da za ka iya tsayawa nan take. Mai tsallakawa kuma ya ɗauki kowane layi a matsayin titi mai zaman kansa. Ka kai ƙarshen motar da ta tsaya maka, ka dakata, ka leƙa, sannan ka sa ƙafa.

A Kano wannan ya fi faruwa da Adaidaita Sahu. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a farkon 2013, su ne suka riƙe zirga-zirgar gari. Ɗan Adaidaita yana da balas da zai kai wa mai abin hawa kullum, saboda haka idonsa yana gefen titi yana neman mai ɗaga hannu, ba a gabansa ba. Da ya hango fasinja sai ya yanko daga layin tsakiya ba sigina, ya tsaya inda ya ga dama. Fasinjan da ya sauka kuma sai ya zaga ta gaban Adaidaitar zai tsallaka, rumfarta ta ɓoye shi. Ba na ganin wa'azi zai gyara wannan muddin babu wuraren tsayawa da aka keɓe aka shigar da su ciki daga bakin kwalta. Kafin a samu, wanda ya sauka ya jira Adaidaitar ta tashi tukuna, titi ya buɗe masa.

Tun 1972 da aka yi canjin hannu, a dama ake tuƙi a ƙasar nan, don haka ake koya wa yara su duba hagu, su duba dama, su sake duba hagu. Wasu suna ɗauka a titi mai shinge a tsakiya duban dama ɓata lokaci ne. Ba a garin da mai babur da mai Adaidaita ke bin hannun da ba nasu ba don gudun zagaye zuwa shataletale. Mai bin wanwe yana zuwa ne daga inda ba mai tsammaninsa, kuma a gefen titi yake raɓawa, daidai inda mutane ke tsaye.

Gefen titin ma ai ba na mai tafiya ba ne. A kewayen Kantin Kwari, Singa, 'Yankura da Sabon Gari, masu tebur da motocin da aka ajiye da masu sauke kaya sun cinye shi, abin da ya rage kwata ce a buɗe. Dole mutum ya sauko kwalta. In ya zama dole, a bi hannun hagu, ana fuskantar motocin da ke tahowa, a jere ɗaya bayan ɗaya, yaro kuma a riƙe shi ta wuyan hannu a ɓangaren da ba na motoci ba. Riƙon yatsu yana suɓucewa.

Dare wani babi ne. Ƙaramar fitilar mota ba ta haska fiye da mita 50 ko 60, kuma mai baƙaƙen kaya ko doguwar abaya baƙa sai ya matso ƙasa da haka ake ganinsa. Haɗa wannan da mita 70 da mai gudun 80 yake buƙata. Mai tafiya yana ganin fitilun mota tun daga nesa, sai ya ɗauka shi ma ana ganinsa. Wannan zaton ya kashe mutane da yawa. Ga hasken motar da ke tahowa daga ɗaya hannun ya kashe wa direba ido, ga hazon hunturu, ga motar da fitila ɗaya ce ke aiki har a ɗauke ta babur. Lokaci mafi muni shi ne tsakanin la'asar sakaliya da isha, musamman da azumi gab da shan ruwa, kowa a gajiye yana sauri, haske kuma bai zama rana ba bai zama dare ba. Farin mayafi, ko fitilar waya a kunne tana kallon motoci, ba ƙaramin bambanci suke kawowa ba.

Tirela da tifa da tanka: direbansu ba ya ganin abin da ke dab da gabansa, da gefensa na dama, da bayansa. In ba ka ganin fuskarsa a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Kuma idan doguwar mota za ta sha kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa. Wanda ya tsaya a kusurwar kwana yana kallon kan motar ya wuce shi lafiya, tayar baya ce ke hawa kansa. 'Yan talla da almajiran da ke ratsawa tsakanin manyan motoci a danja su ne suka fi shiga wannan tarkon.

Darasin da ya fi wuyar karɓuwa a wajen masu tsara hanya shi ne, direba ba allo yake bi ba, titi yake bi. In titi ya yi faɗi, ya miƙe, ya yi santsi, za a yi gudu ko da an kafa allon 50 a kowace kusurwa. Gadojin sama da na ƙasa da aka yi a Ƙofar Nassarawa, Dangi, Kabuga da Hotoro sun rage cunkoso, amma motar da ta sauko daga gada da gudunta take saukowa, cikin unguwar da mutane ke tsallakawa masallaci da makaranta. 'Yan KAROTA, wato hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Kano, da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ba za su tsaya a kowace mahaɗa dare da rana ba.

Gadar masu tafiya a ƙasa tana da amfani a kan hanya mai gudu sosai, amma ba ita ce amsar komai ba. Sai ta haura mita 5 don tirela ta wuce ta ƙarƙashinta, wato matakala sama da 30 hawa, sama da 30 sauka. Tsohuwa, da mai keken guragu, da mai turin baro ba za su hau ba, kuma in an kafa ta nesa da inda mutane suka saba bi, za ka tarar an fasa shingen tsakiya an yi ƙofa. Sawun ƙafa a kan ƙasa shi ke nuna inda ya kamata a yi mashiga. Abin da ya fi aiki a cikin gari ya fi araha: dandamali a tsakiyar titi mai faɗin mita 2, inda mai goyo za ta tsaya ta huta ta fuskanci hannu ɗaya kawai, farin zanen tsallakawa da aka ɗaga shi ya zama tudu, fitila a kansa, da hana ajiye mota kusa da shi. Farin zane shi kaɗai a titi mai layi uku ba ya tsayar da kowa, sai dai ya ba mai tafiya amincin da babu shi. Taron ministoci na duniya da aka yi a Sitokholm a 2020 ya nemi a mayar da gudu 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa, kuma lissafin mita 18 da ke sama shi ne hujjarsa.

Tudun rage gudu ma yana da ƙa'ida: tsayi santimita 7 zuwa 10, tsawo wajen mita 3 da rabi, da fenti, da alama kafin a iso. Wanda 'yan unguwa ke yi da siminti cikin fushi bayan an kaɗe yaro yakan fito gajere mai tsini, ba fenti. Da dare yana kayar da masu babur, direbobi kuma su kauce masa ta gefen titi, ta kan masu tafiya.

In kuma abin ya riga ya faru, mintocin farko suna da nauyi. A fara tsayar da motocin da ke tahowa daga nesa, kada a kaɗe masu taimako. A kira 122, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra, ko 112. Kada a ba wanda ya ji rauni ruwa, ko da ya roƙa, don yana iya shaƙewa, kuma wataƙila tiyata ke jiransa. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cicciɓe shi hannu da ƙafa a naɗe shi a kujerar Adaidaita: in akwai karaya a wuya ko gadon baya, wannan ɗaukar tana iya shanye masa jiki, ko da bugun motar bai shanye shi ba. Mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya a miƙe, uku ko huɗu su ɗaga shi lokaci guda a kan katako ko ƙyaure, a sa shi a motar da zai kwanta sosai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa. Direban kuma a riƙe makullinsa, a rubuta lambar motarsa, a miƙa shi ga hukuma, kada a taɓa shi. Tsoron dukan taron jama'a ne ke sa direbobi da yawa tserewa, alhali sau tari motarsu ce mafi kusa da za ta kai mai raunin Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.